Filin Amsoshin Tambayoyinku: Idan An Taɓa Addini, Ina Matsayin Neman Afuwa?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, biyu daga Musulmi ɗaya daga Kirista, kuma dukkansu a kan al'amari guda suke, wato abin da ya kamata ya biyo baya idan wani ya furta ko ya wallafa abin da ya sosa ran mabiya wani addini. Kamar yadda muka saba, mun taƙaita wasiƙun kuma mun sakaya sunayen masu su.

TAMBAYA TA FARKO

Malam, assalamu alaikum. Gardama ce ta kaure a majalisarmu game da marigayi Fafaroma Benedict na 16 da jawabin da ya yi a Jamus. Wasu sun ce ya nemi afuwar Musulmi, magana ta wuce. Wasu kuma sun ce bai taɓa neman afuwa ba, dabara kawai ya yi. Su wa ke da gaskiya?
Daga wani malamin sakandare, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a yanke hukunci a majalisar taku, ya kamata a jera abubuwan yadda suka faru, domin yawancin masu wannan gardama sun riƙe farkon labarin ne, sun saki ƙarshensa.

A ranar 12 ga Satumba, 2006, Fafaroma Benedict ya gabatar da lacca a Jami'ar Regensburg, inda ya taɓa koyarwa, a kan dangantakar imani da hankali. A cikinta ya ɗauko maganar wani sarkin Daular Rumawa ta Gabas, Manuel na Biyu, daga wata muhawara da aka ce ya yi da wani masani Bafarishe a ƙarshen ƙarni na 14. Sarkin ya jingina wa Manzon Allah (SAW) yaɗa addini da takobi, haɗe da wasu munanan kalamai da ba zan maimaita su a nan ba. Fafaroma ya karanto su ba tare da ya tsaya ya barranta daga gare su a fili ba, kuma cikin 'yan kwanaki duniyar Musulmi ta ɗauka. Majalisar dokokin Pakistan ta yi Allah wadai, Maroko ta janye jakadanta daga Fadar Batikan, an kai wa majami'u hari a yankin Falasɗinawa, kuma a Mogadishu aka harbe wata ma'aikaciyar jinya 'yar ɗariƙar Katolika, 'yar ƙasar Italiya, wadda ta ƙarar da rayuwarta tana hidimar marasa lafiya a gabashin Afirka, kisan da mutane da yawa suka danganta da wannan rikici.

Ranar 17 ga Satumba ya fito da kansa ya ce yana matuƙar baƙin ciki da irin martanin da wasu sassan jawabinsa suka jawo, kuma maganar ta tsohon rubutu ce, ba ra'ayinsa ba ce. A nan abokanka masu cewa bai nemi afuwa ba suke da hujja, domin abin da ya nuna nadama a kansa shi ne yadda aka karɓi maganar, ba ɗauko ta da ya yi ba. Duk wanda aka taɓa ɓata wa rai ya san bambancin wanda ya ce maka ya yi kuskure da wanda ya ce maka bai ji daɗin fushin da ka yi ba. Na biyun yana iya barin ka da jin cewa laifin ya dawo kanka. Mutum mai ilimi da matsayi irin nasa, wanda yake magana da yawun mabiya sama da biliyan ɗaya, ya kamata ya san nauyin abin da ya ɗauko tun kafin ya buɗe baki.

Sai dai labarin bai tsaya a nan ba. A cikin watan ya gayyaci jakadun ƙasashen Musulmi ya gana da su. Da aka fitar da rubutaccen jawabin a hukumance, an ƙara bayani a ƙasa cewa jumlar sarkin ba ta wakiltar matsayinsa game da Alƙur'ani, wanda ya ce yana girmama shi a matsayin littafi mai tsarki na babban addini. A ƙarshen Nuwamban shekarar ya je Turkiyya, ya shiga Masallacin Sultan Ahmad da ke Istanbul, ya cire takalmansa, ya tsaya shiru kusa da muftin birnin suna fuskantar alƙibla. A ganina, abin da harshensa ya gaza cikawa ƙafafunsa sun cika wani kaso mai yawa daga ciki.

Abin da na fi so majalisarku ta tsaya a kansa, duk da haka, shi ne amsar da malaman Musulunci suka bayar. A watan Oktoban 2006 manyan malamai 38 daga mazhabobi dabam-dabam suka rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa. Sun yaba da nuna baƙin cikin da ya yi, sun karɓi bayaninsa cewa maganar ba ra'ayinsa ba ce, sun la'anci kisan matar nan ta Mogadishu, sannan suka bi kurakuran laccar ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa cikin ladabi. Alal misali, ya ce ayar nan ta Suratul Baƙara mai cewa babu tilas a cikin addini ta sauka ne a farkon lamari, lokacin da Musulmi ba su da ƙarfi. Suka nuna masa cewa a Madina ta sauka, lokacin da Musulmi ke da iko, saboda haka umarni ne ga mai ƙarfi kada ya tilasta wa kowa. Wannan gyara guda ya kare martabar Musulunci a idon masana fiye da duk tayoyin da aka ƙona a tituna.

Shekara guda bayan haka, a Oktoban 2007, malamai da shugabanni 138 suka aika wa jagororin Kiristocin duniya wata wasiƙar, wadda suka ɗauko sunanta daga aya ta 64 ta Suratu Ali Imrana, inda ake kiran Ma'abota Littafi zuwa ga kalma mai daidaitawa tsakaninmu da su. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar yana cikin waɗanda suka sa hannu. Daga nan aka samu zaman farko na dandalin tattaunawar Katolika da Musulmi a birnin Rum a Nuwamban 2008. Dangantakar ta sake yin tsami, har Jami'ar Azhar ta dakatar da tattaunawa da Batikan a 2011, kafin a dawo a zamanin Fafaroma Francis, wanda ya sa hannu tare da Shehin Azhar Ahmad al-Tayyib a kan takardar 'yan'uwantakar ɗan Adam a Abu Dhabi ranar 4 ga Fabrairu, 2019.

Don haka ka gaya wa abokanka cewa afuwar da ya nema da baki ba ta cika ba, amma waɗanda suka fi mu sanin addini sun karɓi abin da ya miƙo suka gina a kansa, ba tare da sun sassauta ko harafi ɗaya na aƙidarsu ba.

TAMBAYA TA BIYU

Malam, ni Kirista ne, da Hausa na tashi, kuma na daɗe ina karanta wannan fili. Ka yi mini haƙuri da tambayata, domin ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mu ma ana taɓa mana addini. Wani banki ya taɓa kwatanta tashin Yesu daga matattu da kumburin burodi, muka yi fushi, suka ba da haƙuri, magana ta mutu ba a zubar da jinin kowa ba. Me ya sa idan abin ya shafi Musulmi ko an ba da haƙuri sai an ƙona mana coci?
Daga wani tsohon ma'aikacin gwamnati, Kafanchan.

AMSA

Baba, babu abin ba da haƙuri a tambayarka. Tambaya ce ta wanda ya gani da idonsa, kuma ta cancanci amsa ba tare da kwana-kwana ba.

Abin da ka ambata ya faru a bikin Ista na 2022, lokacin da bankin Sterling ya fitar da saƙon da ya haɗa tashin Almasihu da burodin Agege. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta yi tir da shi har ta nemi a sauke shugaban bankin. Saƙon ba da haƙuri na farko da bankin ya fitar ƙara dagula lamarin ya yi, domin ya haɗa da maganar nan ta Linjila cewa wanda bai taɓa zunubi ba ya fara jifa, kamar mai laifi ne yake yi wa wanda ya ɓata wa rai wa'azi da littafinsa. Sai da shugaban bankin ya rubuta wa CAN wasiƙa ya ɗauki laifin, sannan ƙungiyar ta sanar cewa ta yafe. A Istan 2024 ma hukumar tara haraji ta tarayya ta fitar da wani saƙo da ya haɗa fansar Yesu da biyan haraji, aka koka, ta janye ta nemi afuwa. A duka biyun an yi fushi na gaske, an bi ta ƙofar da ta dace, kuma kowa ya kwana a gidansa.

Yanzu mu dubi ɗaya gefen. Ranar 16 ga Nuwamba, 2002, cikin watan azumi, jaridar ThisDay ta buga wani sharhi a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya da za a yi a Abuja, wanda a cikinsa aka ambaci Manzon Allah (SAW) ta hanyar da babu Musulmin da zai ji bai ji ciwo ba. Jaridar ta nemi afuwa a shafinta na farko, ba sau ɗaya ba. Duk da haka aka ƙona ofishinta na Kaduna, rikici ya bazu cikin gari, mutum fiye da 200 suka mutu, Musulmi da Kirista, aka mayar da gasar Landan. Waɗanda aka binne ba su rubuta sharhin ba, da yawansu ma ba su taɓa riƙe jaridar a hannu ba. A Fabrairun 2006, saboda zanen ɓatanci da wata jaridar ƙasar Denmark ta buga, aka kashe Kiristoci aka ƙona majami'u a Maiduguri. A Janairun 2015, saboda zanen da mujallar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga, aka ƙona majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai, mutum goma suka rasa rayukansu, alhali mujallar ta mutanen da ba ruwansu da addini ce, kuma ta sha yi wa Fafaroma da Almasihu kansa izgili. An bar jaki ana dukan taiki, kuma taikin nan maƙwabci ne mai rai, mai 'ya'ya.

Ina faɗa a matsayina na Musulmi, ba don in faranta maka rai ba, cewa wannan zalunci ne, kuma addinin da aka ce ana karewa bai yarda da shi ba. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. A Suratul Hajji, aya ta 40, an ambaci majami'u da wuraren bautar Yahudawa tare da masallatai a cikin wuraren da ake ambaton sunan Allah, waɗanda ba a so a rusa su. Ko a wajen malaman fiƙihu masu tsananin hukunci a kan zagin Annabi, hukuncin na alƙali ne bayan shaida da bincike da jin ta bakin wanda ake tuhuma, ba na taron matasa masu duwatsu ba. Shi ya sa lokacin da aka kashe ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato ranar 12 ga Mayu, 2022, Majalisar Sarkin Musulmi ta yi Allah wadai ta kuma nemi a hukunta masu laifin. Bayan shekara guda, a garin dai, taron jama'a ya kashe wani mahauci Musulmi a kan irin wannan zargi. Wutar da aka bari ta ci na waje ba ta tambayar addinin na gida idan ta juyo.

Ina roƙonka kuma ka fahimci wani abu daga ɓangarenmu. Ciwon da Musulmi yake ji idan an taɓa Annabi ba shiri ba ne, ba kuma siyasa ba ce. An raine mu a kan mu so shi fiye da iyayenmu da kawunanmu, kuma Musulmi ba ya iya ramawa da zagin Annabi Isa (AS), domin yin haka fita ne daga Musulunci. Shi ya sa da aka yi abin da Kiristoci da yawa suka ɗauka izgili ne ga jibin ƙarshe na Almasihu a bikin buɗe wasannin Olamfik na Paris a 2024, Azhar tana cikin waɗanda suka fito suka la'anta. Fushin halal ne. Abin da ake yi da shi ne ake tuhuma.

To me ya sa haƙurin ba ya kashe wutar? Dalili mafi girma a ganina shi ne rashin hukunci. An sha kafa kwamitocin bincike a ƙasar nan, amma da wuya ka ji an kai wanda ya kashe rai a irin wannan tarzoma ga hukuncin da ya dace da laifinsa, kuma matashin da ya ga wanda ya yi jiya yana yawo a unguwa ba zai ji tsoron yi gobe ba. Dokar hana cin zarafin addini tana nan, sashe na 210 na kundin Penal Code a Arewa da sashe na 204 na Criminal Code a Kudu, kowanne da ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, amma mutane ba su yarda cewa idan sun kai ƙara za a yi wani abu ba. Sannan akwai matsalar wanda zai karɓi haƙurin. Idan CAN ta ce ta yafe, yawanci magana ta ƙare. Mu kuwa Sarkin Musulmi da Jama'atu Nasril Islam da Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci suna iya kiran a kwantar da hankali, amma wani mai wa'azi a lungu, ko wani mai riƙe da waya a Facebook, ya rushe kiran cikin dare ɗaya. A Kaduna kuma, a 2002, raunin rikicin shari'a na shekarar 2000 bai warke ba, sharhin jaridar ashana ce kawai aka ƙyasta a inda fetur ya riga ya malala.

Adalci kuma ya sa in tuna maka cewa ramuwar gayya ta ci rayukan Musulmi marasa laifi. Bayan abin da ya faru a Maiduguri a 2006, an bi 'yan Arewa a Anacha an kashe gommai, an ƙona masallatai, mutanen da suka je neman abinci ne kawai. Wanda ya kashe mai sayar da albasa a Anacha da wanda ya ƙona coci a Maiduguri laifi iri ɗaya suka yi, kuma kowane ɓangare yana da aikin tsawata wa nasa kafin ya nuna na wani da yatsa. Mutanen da suka yi wannan aiki na tsawata wa nasu suna nan a jiharku. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu, kowannensu yana jagorantar matasan da ke yaƙar na ɗayan. Sun haɗu a 1995, sun ɗauki shekaru kafin zukatansu su saki, sun kuma kafa cibiyar sasanci a Kaduna wadda ta yi aiki har a Yelwa da Shendam a Jihar Filato.

TAMBAYA TA UKU

Malam, ɗana ne ya tura wani hoto na izgili ga gicciye a zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan ajinsu. A cikin zauren akwai ɗan maƙwabtanmu Kiristoci, waɗanda muka yi shekaru muna kai musu naman layya suna kawo mana abincin Kirsimeti. Tun daga ranar uwar yaron gaisuwa kawai take amsa mini. Ɗana ya ce ba shi ya ƙirƙira ba, turawa kawai ya yi. Maigidana kuma ya ce ba da haƙuri tamkar amincewa ne da aƙidarsu. Yaya zan yi?
Daga wata uwa, Sabon Gari, Zariya.

AMSA

Hajiya, Allah Ya saka miki da alheri da kika damu. Ki gaya wa maigida, cikin girmamawa, cewa saɓani a aƙida daban, izgili daban. Musulmi bai yarda an gicciye Annabi Isa (AS) ba, Kirista ya san haka, kuma shekarun da kuka yi kuna zaman lafiya ba a kan wani ya bar aƙidarsa aka gina su ba. Abin da za a nemi afuwa a kansa shi ne wulaƙanci, wanda Allah Ya hana a Suratul An'am, aya ta 108, inda Ya ce kada a zagi abin da wasu suke bauta wa don kada su zagi Allah bisa jahilci. A Suratul Ankabut kuma an umarce mu kada mu yi jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau. Uzurin ɗanki ba ya tsayawa, domin da ɗan maƙwabtan ne ya turo abin da ya taɓa Manzon Allah (SAW) ya ce turawa kawai ya yi, babu wanda zai saurare shi a gidanku.

Yaron ne zai ba da haƙuri, ba ke ba. Ya fara da goge hoton, sannan ya rubuta a zauren da ya yi laifin, a gaban waɗanda suka gani, cewa abin da ya tura bai dace ba, ya yi kuskure, kuma ba zai sake ba. Kada ya ce idan ran wani ya ɓaci, domin ya san ya ɓaci. Kada ya kawo zancen abin da wasu Kiristoci suka taɓa turawa, wannan shari'a ce ta wata rana. Bayan haka ku taka ku je gidan, ke da shi, kuma zai fi kyau idan mahaifinsa ya yarda ya shige gaba, tunda a al'adarmu zuwan babba yana da nauyin da saƙon waya ba shi da shi. Yaron ya durƙusa ya gaida iyayen abokinsa, ya faɗi laifinsa da bakinsa a taƙaice, ku kuma ku bar su su faɗi abin da ke ransu ba tare da kun katse su ba.

Mai yiwuwa su yafe nan take, domin littafinsu ya yi musu umarni da yafiya ba iyaka. Mai yiwuwa kuma uwar ta ɗauki lokaci kafin fuskarta ta sake, kuma wannan haƙƙinta ne, kada ki ƙirga mata kwanaki. Ki ci gaba da gaishe ta kamar da, idan wani abin farin ciki ko na jaje ya same su ki riga kowa zuwa, kuma idan Babbar Sallah ta zo ki aika yaron da kansa ya kai musu naman.